Cura laka a canka: wasan da gwanin gini ke fara faɗuwa

A wasan cura laka, wanda ya fi kowa iya gini shi ne yakan fara shan kaye. Zai zauna ya fitar da giwa har da haure da kunnuwa kamar faifai, kafin ya ajiye ta a tebur an riga an ce "giwa ce", makinsa ya tafi. Wanda ya mulmula dunƙule kawai ya ce wai duniya ce, shi ma ya tashi a tutar babu, don ba mai gane ta har a watse. Daɗin wasan yana tsakanin waɗannan biyun: a gina abin da za a kalla a ce "kai, na san abin nan", amma sunan ya maƙale a harshe sai an yi tambaya huɗu ko biyar.

Wani Bajamushe mai suna Klaus Teuber ne ya kafa wasa a kan wannan dabara. Wasansa Barbarossa ya fito a 1988, ya kuma ci Spiel des Jahres, lambar wasan shekara ta Jamus, a shekarar. Sana'ar mutumin a lokacin haɗa haƙoran roba ce, saboda haka hannunsa ya saba da cura abu tun kafin ya ƙirƙiro wasansa na Catan a 1995. A Barbarossa, idan aka canki gininka da wuri ana rage maka maki, idan aka makara ma haka, riba tana ga wanda aka canki nasa a tsakiyar wasa. Cluzzle da ya fito a Amurka a 2004 ya bi sawu da zagaye uku: gwargwadon daɗewar gininka kafin a gane shi, gwargwadon makinka, amma in ba wanda ya gane ba ka da komai. Cranium na 1998 kuwa hanyarsa daban, ƙungiya-ƙungiya ake yi, mutum ɗaya yana gini 'yan ɓangarensa suna jefa amsa kafin lokaci ya cika. Wannan ya fi hayaniya da dariya, amma a ganina na tambaya da amsa ya fi riƙe manya da yara a tebur guda, kuma shi ya fi sauƙin haɗawa a gida.

Kayan ba su da yawa: laka, kwali mai faɗi, ɗan ludo guda (mai ɗigo 1 zuwa 6 da ake jefawa), maɓalli ko murfin kwalba na kowane ɗan wasa don matsawa daga gida zuwa gida, tsinken sakace kamar 20, fensir da guntayen takardu, sai agogon waya. A kan kwalin a zana gidaje 40 a gefe-gefe, a bar tsakiya fili don jera gine-ginen inda kowa zai gan su. Kowa ya fara daga gida na 5, ba na 1 ba, domin akwai ja da baya a wasan.

Lakar ce ke gyara wasan ko ta ɓata shi. Yumɓun tukwane na gaske bai dace ba: yana ɓata hannu da takarda, yana bushewa ya tsage, ga shi tsinke ba ya shiga da kyau idan ya fara tauri. Waɗanda suka dace iri biyu ne. Akwai mai maiƙo irin Plasticine, wadda William Harbutt ya haɗa a Ingila a 1897. Ba ta bushewa ko an bar ta a buɗe, tana riƙe siffa, shi ya sa ta fi dacewa da ginin da zai zauna awa guda a tebur. Aibinta tauri idan ta yi sanyi, sai an murza ta a tafin hannu na minti biyu ko uku kafin ta saki. Akwai kuma mai ruwa irin Play-Doh, wadda aka fara sayarwa a matsayin abin wasa a 1956, bayan tun farko an yi ta ne don goge takardar bango. Tana da laushi, hannun yaro yana iya ta, amma bayan rabin awa a buɗe sai bayanta ya fara yin ɓawo, siraran sassa su sunkuya.

Mai son haɗa irin mai ruwan a gida ya auna fulawa kofi 1, gishiri mai laushi rabin kofi, man girki babban cokali 1, ruwan lemon tsami babban cokali 2, sannan ya cika ruwa a kan lemon tsamin har su kai kofi 1. A dama kalar abinci a cikin ruwan tun kafin a zuba, don in an bari sai bayan ta dahu, kalar za ta fito zane-zane kuma ta rine hannu. A haɗa duka a tukunya, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Cikin minti 3 zuwa 5 za ta bar jikin tukunya ta haɗe dunƙule ɗaya. A sauke, a bari ta huce, a murza sosai har ta yi santsi. In tana manne wa yatsa, ba ta gama dahuwa ba, a mayar da ita wuta na minti ɗaya. Ƙara fulawa ɗanya a wannan gaɓar yana sa ta marmashewa daga baya. In kuma tana tsagewa a baki-baki, ta wuce wuta, sai a jiƙa hannu a ci gaba da murzawa. Gishiri mai tsakuwa ba ya narkewa duka, za a riƙa jin sa kamar yashi. Wannan awon yana ba da abin da ya haura giram 400, wato dunƙule bakwai ko takwas masu girman ƙwan kaza.

Girman ƙwai ɗin nan shi ne rabon kowane gini, kuma kada a ƙara. Laka mai yawa tana jan mutum ya yi ta ƙawata gini har ya tona kansa. Kowane ɗan wasa a ba shi kala ɗaya tak, ta zama shaidar ginin wane ne. In aka bar mutane su haɗa kaloli, kore da ruwan ƙasa sun riga sun faɗi "bishiya" kafin a buɗe baki.

Mutum huɗu zuwa shida ne daidai. Kowa zai yi gini biyu. Kafin ya taɓa laka, sai ya rubuta sunayen abubuwan biyu a takarda, ya naɗe, ya kifa kofi a kai. Wannan rubutun ba ado ba ne, shi ke hana mutum sauya magana idan ya ga an kusa kama shi, ya ce ai tun farko ba kwalba yake nufi ba, fitila ce. A sa agogo minti 5, a yi gini, a jera a tsakiyar kwali.

Daga nan sai a bi layi. Wanda layi ya zo kansa ya jefa ɗan ludo. In ya fito 1, 2 ko 3, zai zaɓi gini ɗaya ya yi ta tambayar mai shi a fili, tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a", har sai ya ci karo da "a'a". In ya fito 4 ko 5, zai nemi harafi ɗaya, na farko ko na uku ko na ƙarshe, mai ginin ya rubuta ya nuna masa shi kaɗai. In 6 ce, ya zaɓi wanda ya ga dama. Bayan haka yana da damar canki sau ɗaya, a rubuce, ya miƙa wa mai ginin. Ya dace, sai a soka tsinke a jikin ginin ya matsa gida 3. Na biyun da ya dace ya soka nasa ya matsa gida 2, daga nan an rufe ginin, a buɗe takarda kowa ya gani. Wanda ya yi kuskure ya koma baya gida 1, in ba haka ba kowa zai riƙa harbin iska a kowane layi.

Makin mai gini yana bin zagayen da tsinken farko ya shiga. Zagaye na 1, ya koma baya gida 2. Na 2, ya matsa gida 1. Na 3 ko na 4, gida 3. Na 5, wanda shi ne na ƙarshe, gida 1. Ginin da aka tashi ba tsinke a jikinsa, mai shi ya koma baya gida 2. Mutum biyar a zagaye biyar layi 25 ke nan, a minti biyu-biyu wasan zai ci kusan minti 50.

To yaya ake gina abin da zai kai zagaye na uku? Kowane abu yana da alama ɗaya da ke tona shi: haɓar butar shayi, hancin giwa, haƙoran mataji. Dabara ita ce a nuna abin a halin da alamar ta ɓuya ba tare da an yi ƙarya ba. Kunkuru ya shigar da kai da ƙafafu, sai ya zama kamar kwano a kife, da ɗan zane-zanen farce a bayansa. Mai kallo zai tambaya, "Ana cin abinci a ciki?" A'a. Wani ya ce, "Ana sawa a ka?" A'a. Sai na uku ya ƙura wa zanen ido ya ce, "Yana da rai?" Daga "e" ɗin nan tebur ya rikice. Laima a naɗe ta fi laima a buɗe. Tsani a kwance yana kama da layin dogo. Almakashi a rufe, littafi a tsaye ana ganin bayansa, tabarau a ninke, duk suna kai mutum tsakiyar wasa.

Ta fuskar aikin hannu, siffa uku ce ke haifar da komai: mulmulalle, murzajje kamar igiya, da lailayayye kamar faifai. Kada tsayin gini ya wuce santimita 6, kada ƙafa ko wuya ya fi fensir siranta, domin zai durƙushe tun kafin zagaye na biyu, raƙumin dawa ya koma agwagwa. Inda aka haɗa sassa biyu a shafe bakin haɗin da yatsa, ɗorawa kawai ba ta riƙewa. Kuma ba a gyara gini bayan an fara tambaya, abin da ya faɗi ya faɗi.

Rigimar da ta fi tashi ta suna ce. Mai gini ya rubuta "kyanwa", mai canki ya rubuta "mage". Ko wannan ya ce "mabuɗi", wancan ya ce "makulli". A yanke tun farko cewa suna biyu na abu ɗaya duk an karɓa, amma haruffa daga kalmar da ke ƙarƙashin kofi za a bayar. A kuma daidaita ko "sh" da "ts" harafi ɗaya ne ko biyu, sannan mai ba da harafi ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, don wanda aka nuna wa "k" ba zai taɓa kawo "ƙaho" a ransa ba. Sunayen mutane, da abin da ba a taɓawa kamar "haƙuri" ko "gobe", a haramta su. Abin da yaron gidan bai taɓa gani ba shi ma a bar shi.

Amsa ma tana da ƙa'ida. Bayan "e" da "a'a", a yarda da "wani lokaci" da "ban sani ba", kuma waɗannan biyun ba sa katse wa mai tambaya layi. Mai ginin da aka kama ya ba da amsar ƙarya da gangan ya koma baya gida 3. Haka wanda aka buɗe takardarsa mafi yawan 'yan wasa suka ce ginin bai yi kama da sunan ba ko kaɗan. Wannan hukuncin shi ne maganin masu mulmula ƙwallo su ce wata ne.

Yaro ɗan shekara 6 ko 7 yakan iya gini amma tambaya da harafi su ba shi wuya, sai a haɗa shi da babba: shi ya gina, babban ya riƙe fensir, su yi shawara a kunne. A sassauta masa hukuncin zagayen farko, domin yaro ginin gaskiya yake yi, kuma in aka hukunta shi don kifinsa ya yi kama da kifi ba zai sake zama ba. 'Yan ƙasa da shekara 3 kuwa a nisanta su da tebur. Gishirin da ke cikin lakar gida yana da yawan da zai cutar da ƙaramin yaro ko kare in suka haɗiye da dama, ga kuma tsinke da maɓalli. Wanda jikinsa ba ya karɓar alkama ya sani cewa lakar gida da Play-Doh duk akwai alkama a ciki.

Idan an tashi, a cire tsinkaye, a cure kowace kala daban, a sa a roba mai murfi ko leda a matse iska. Wadda ta yi ɓawo a ɗiga mata ruwa kaɗan a murza, wadda ta fara wari ko ta yi fumfuna a zubar. In ta maƙale a darduma kada a bi ta da ruwan zafi, a bar ta ta bushe ƙarau, a kankare da buroshi mai tauri, a share.