Daga Ngaundere zuwa Kusiri, daji kala-kala

Wai jama'a kun taɓa lura da yadda daji ke canja kama in mota ta tashi daga Ngaundere ta nufi arewacin Kamaru? Can saman tudu sanyi ne da ciyawa shar, ruwa kusan milimita 1500 a shekara, dole shanu su yi ƙiba. Kana gangarowa Garwa zafi zai maka sallama, sai kaɗanya da gonakin auduga. Marwa kam damina wata huɗu ce da ƙyar, kuka da aduwa ke jurewa, gawo kuwa ɗan wayo sai da rani yake ganye. Wajen Kusiri duk ƙaya ce, amma fa inda ambaliyar kogin Logone ta kwanta, ruwa na janyewa ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a laka.