Daga Teburin Lissafi Zuwa Tarihin Ikilisiya

Ranar da na miƙa wa abokin kasuwancina makullin ofis, tambaya ɗaya ya yi mini: "To ɗan'uwa, in ka gama karanta labarin mutanen da suka mutu tun tuni, me za ka sayar?" Na yi shiru. Na daɗe ina karanta tarihin ikilisiya da daddare bayan na rufe lissafi, har ta kai dare ba ya isata. Shi ne na nemi gurbi a makarantar tauhidi.

Shekarar farko na sha wuya. Ga ni da furfura a gemu, ina haddar haruffan Helenanci tare da sa'o'in 'ya'yana. Kuɗin da na ajiye ya kasa da wuri, domin kuɗin makaranta kawai na lissafa, na manta cewa gida ba ya hutun ci. Kuma sai da na riga na yanke shawara na gaya wa matata. Wannan kuskurena ne, na nemi gafararta. Duk mai niyyar irin wannan tafiya, ya fara da zama da iyalinsa.

A kasuwa an koya mini sauri. Takardar farko da na rubuta, malam ya dawo mini da ita duk jan biro: wa ya faɗi haka, a wane littafi, shekara nawa bayan faruwar abin? Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce.

Abin da ya kama zuciyata kuwa wata 'yar takarda ce. A shekara ta 250, Desiyus sarkin Rum ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi shaida a rubuce. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar. Da aka nuna mana hoton ɗaya, nan take na gane ta: rasit ce. Ga suna, ga kwanan wata, ga sa hannun shaidu. Wasu Kiristoci sun ƙi, aka ɗaure su, wasu aka kashe. Wasu sun yi hadayar. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda suka ba jami'i toshiya ya rubuta musu takardar ba tare da sun je gaban gunki ba.

Jikina ya yi sanyi, don na san waɗannan mutane. Sau nawa na zauna inda aka ce "a gyara takarda kawai, aiki ya wuce", ban ce uffan ba? Da ina birnin Kartaj na Arewacin Afirka a lokacin, da kaya a sito da ma'aikata masu jiran albashi, ina tsoron cikin kashi na ukun za a same ni.

Da tsanani ya lafa, waɗanda suka yi hadayar da waɗanda suka sayi takardar suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofar ikilisiya, sai rikici ya tashi. A Rum, wani dattijon ikilisiya mai suna Nobatiyan ya ce ba za a karɓe su ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj, wanda shi kansa ɓuya ya yi lokacin tsananin har aka yi ta gunaguni a kansa, ya tara bishop-bishop a 251. Suka ce a duba kowa da laifinsa: mai sayen takarda a karɓe shi bayan tuba, wanda ya yi hadayar da hannunsa ya ci gaba da tuba, a karɓe shi in ajali ya matso. A 258, zamanin Baleriyan sarkin Rum, aka fille kan Sifiriyan. A wannan karon bai gudu ba.

Da can, ma'aikacin da ya ci amana sallama ce kawai, ba na sauraron bayani. Akwai wani matashi da na kora haka a kan rasit ɗaya ta ƙarya. A makon da muka gama darasin Sifiriyan na nemo lambarsa na kira shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Oga, ina jin ka."