Butar Gahawa a Zaman Makoki

Shekara biyar na yi ina gyaran waya a titin Falasɗin da ke Jidda, cikin wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A watan Maris na 2016 hukuma ta sanar cewa sayar da waya da gyaranta sun koma hannun 'yan ƙasa kaɗai, aka ba masu shaguna wata shida su sallami baƙi. Kafin Babbar Sallah na kwashe 'yan sukundirebobina da dalma a leda na koma gida. Kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, ya ce zai bar ni a kan sunansa zuwa ƙarewar igamata, wato takardar izinin zamana, daga nan kuma in san inda dare ya yi mini.

Lissafina a lokacin mai sauƙi ne: mutane su ne jari, ni kuwa ina da lambobi sama da ɗari huɗu a wayata. Na shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Da alhazai suka sauko daga Arfa suka fara gangarowa Balad, tsohon garin Jidda, sayayya, sai na zama ɗan rakiyar manya. In yi musu tafinta, in taya cinikin turare da darduma, in ɗauki jaka har bakin mota, sannan in karɓi lamba. Kowa ya ce, "Insha Allahu zan neme ka." Larabawan da na sani kuma suka ce bukra, wato gobe. Mutum ɗaya ne ya cika alkawari, ya aiko mini riyal ɗari biyu, Allah ya saka masa. Sauran shiru.

Barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare ina duba WhatsApp, ko alamar nan ta koma shuɗiya. A ƙarshen shekarar kuma aka sanar da kuɗin da baƙo zai riƙa biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, riyal ɗari a wata daga Yulin 2017, yana hawa duk shekara har ɗari huɗu. Mata da 'ya'ya uku gare ni. Ko a sahu nake, lissafin ne ke kaina, sai liman ya sallame in rasa surar da ya karanta.

Ana cikin haka wani tsohon tela, mutumin Damagaram, ya rasu a layinmu. Makokin Hijaz kwana uku ne, an fi cika tsakanin Magariba da Isha. Ana jera kujeru a waje, a rataya fitilu, a ciyar da mutane shinkafar nan mai ƙwayar hummus, wani irin wake, da aka san gidan rasuwa da ita. Ba zan ɓoye ba, na je ne da tunanin wa zan gani a wurin. Ina zama wani dattijo da kowa ke kira Baba ya miƙo mini butar gahawa da jerin finjalai, ya ce, "Tashi ɗana, ƙafarka ta fi tawa."

Na kama butar da hannun dama. Ya ɗan buge mini hannu. Buta a hagu take, finjali a dama. Ba a cika shi, ɗan kaɗan ake zubawa, yadda ba zai ƙona yatsun baƙo ba. Ka fara da babba, ka tsaya a tsaye har ya sha, in ya miƙo maka haka nan ka ƙara, in ya girgiza finjalin ya ƙoshi ke nan. Aiki ne da ba ya barin ido ya tafi wani wuri. Hannuna biyu a cike, waya na ta motsi a aljihu ba halin ɗauka. Na zagaya mutum kusan sittin, ban tambayi kowa sana'arsa ba. Daren nan na yi barci har sai da matata ta tashe ni sallar Asuba.

Bayan kwana ukun na fara zuwa wurin Baba da La'asar. Benci yake da shi a gefen mai tsire. Tsiren namu ne dai, da ƙuli da yaji, Larabawan Makka da Jidda suna ce masa sire, suna layi a kansa. A Makka aka haifi Baba, bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, akwai kalmomin da rabona da su tun bakin kakata. Kakansa na cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903. Ya zauna a Maiwurno ta ƙasar Sudan a bakin kogin Nilu, ya tsinci auduga a Jazira ya tara guzuri, ya hau jirgin ruwa daga Sawakin. Tafiyar da jirgin sama ke yi yau cikin 'yan sa'o'i, shi rabin rayuwarsa ta ci. Zuriyar irinsu ce ake gani da sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi, har kyaftin ɗin ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, Usama Hausawi.

Wata rana na gaishe da wani ɗan kasuwa a gabansa, gaisuwa mai tsawo har da rusunawa. Da mutumin ya wuce Baba ya ce, "Gaisuwarka akwai ƙugiya a ciki. Kifi ma yana ganinta, balle mutum."

Na ji zafin maganar. Na ce, "Baba, ku kuna da takardar ƙasa, ni igamata saura wata huɗu." Har yau ina ganin ina da gaskiyata, mai neman abinci ba ya jin kunyar nema, kuma wanda ya ƙoshi ya fi kowa iya wa'azin haƙuri. Bai musa ba. Cewa ya yi in zan roƙa in roƙa a fili, in zan gaisar in gaisar, in daina cusa ɗaya a rigar ɗaya. Da na duba sai na ga abin da ke gajiyar da ni ke nan. Duk wanda na haɗu da shi sai na auna shi, na tsara abin da zan ce, na koma gida ina bitar inda na yi kuskure. Mutum ɗari huɗu nake ɗauke da su a ka, ba ko ɗaya da na san sunan 'ya'yansa.

Na rage. Na zaɓi gidaje kaɗan na unguwa, na riƙa zuwa da ƙafata: dubiya, suna, rakiyar mara lafiya asibiti saboda Larabcina ya fi na wasu. Tsakanin Magariba da Isha kuma na daina fita daga masallaci, wayar tana gida. Ran Juma'a da yamma mukan je bakin Bahar Maliya da yara, mu zauna muna kallon ruwan nan na Sarki Fahad da ke tashi sama fiye da mita 300, ba na cewa komai, ba a ce mini.

Aikin da ya zo, ta na'urar sanyaya ɗakin Baba ya zo. Ta mutu, ga zafin Jidda mai ɗanko, an ce sai an sayi sabuwa. Na buɗe na ga ƙwaƙwalwarta ce, wani ɗan abu ya ƙone, irin wanda na canza sau dubu a waya. Riyal biyar na kashe. Surukinsa yana da wurin gyaran irin waɗannan na'urori, kuma duk ƙwaƙwalwar da ta lalace jefarwa suke yi. Wannan karon na roƙa a fili. Mayar da kafalata zuwa sunansa ya ci wata uku da yawo a ofisoshi, iyalina kuma dole na mayar da su Kano a 2018 da kuɗin ya ninka. Wannan ciwon bencin Baba bai warkar da shi ba.

Watan jiya wani yaro sabon zuwa ya same ni a wani zaman makoki, ya matso yana raɗa, "Yaya, ko akwai wasu manya da za ka haɗa ni da su?" Na miƙa masa buta. Ya kama da dama, na gyara masa. Da aka watse ya sake tambaya, na ba shi lamba uku, domin kuɗin hayarsa ranar Alhamis ne.