Lissafin zafin gas a cikin ragar leza: abin da na taras

Aikin da malamina ya ba ni a digiri na biyu gajere ne a baki. Ya ce in lissafa ma'aunin zafin da gas na rubidiyam-87 zai shiga dunƙulewar Bose da Einstein, wato yanayin da tsananin sanyi ke sa ɗimbin atom su taru a matakin makamashi mafi ƙasa, idan an zuba shi cikin ragar haske. Ba mu da ɗakin gwaji mai leza, kwamfuta ce kawai da Python, amma tambayar ba ta buƙatar fiye da haka muddin an ɗauka atom ɗin ba sa ture juna.

Ita ragar, da leza ake yin ta. Idan aka haska leza biyu suna fuskantar juna, hasken yakan tsaya cik, wuri mai haske da wuri mai duhu a jere, tazararsu rabin tsawon igiyar hasken. Leza mai nanomita 1064 tana ba da gurabe masu tazarar nanomita 532. In aka yi haka ta fuskoki uku, atom sai su zauna kamar 'ya'yan dara a gurabensu, sai dai dokar kwantum ta ba kowanne damar ratsa bango ya faɗa gurbin maƙwabci. Ƙarfin wannan ratsawar shi ake kira J, kuma da shi na auna komai.

Hanya biyu ce. Ta kusa ita ce a ɗauko tsohon lissafin Einstein na gas sakakke, irin wanda Cornell da Wieman suka dunƙule a Boulder a 1995, a musanya nauyin atom da nauyin da yake nunawa a cikin raga. Minti kaɗan ta ba ni 6.6 J idan atom ɗaya ne a kowane gurbi. Da na kai wa Malam, sai ya ce, "To madalla, yanzu je ka ƙirga matakan makamashin ɗaya bayan ɗaya mu gani." Wannan ita ce hanya ta nesa, kuma amsarta ta tsaya kusa da 5.6 J.

Bambancin ya yi yawa a ce kuskuren kwamfuta ne, kuma a nan aikin ya fara daɗi. Hanyar kusa tana ɗauka makamashin atom yana ta hawa da saurinsa ba iyaka. A raga ba haka ba ne. Matakan makamashi suna taruwa ne ziri-ziri, kamar yadda Felix Bloch ya nuna a kan lantarki cikin ƙarfe tun 1928, kuma zirin farko faɗinsa 12 J ne kacal. Tun kafin a kai tsakiyarsa matakan sun cunkushe fiye da yadda lissafin gas sakakke ya zata. Wurin zama ya yi wa atom masu ɗumi yawa ke nan, don haka sai an ƙara sanyaya gas ɗin kafin dole ta sa su ruguntsuma matakin ƙasa.

Wanda zai maimaita aikin ya kula da abu biyu. Matakin ƙasa a ware shi, a ƙirga shi shi kaɗai, domin da an kusa dunƙulewa yakan rinjayi jimillar duka. Sannan amsar tana gyaruwa ne a hankali yayin da raga ke girma, gwargwadon tsawon gefenta, ba yawan gurabenta ba. Gara a gwada raga mai girma daban-daban a ja layi zuwa mara iyaka, da a ɗora wa kwamfuta raga ɗaya ƙatuwa ta kwana tana nishi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan zafin da gas ɗin ke sha kafin ma'auninsa ya hau. A makaranta an koya mana cewa in gas ya yi zafi sosai, wannan adadi yakan tsaya wuri ɗaya. Nawa zanen kuwa ya hau har wurin dunƙulewa, sannan ya yi ta gangarowa yana neman sifili. Dalili shi ne zirin yana da rufi: idan atom suka bazu daidai a dukkan matakansa, babu sauran inda za a zuba makamashi, sai zafin ya kai ya tsallake giɓin da ke tsakaninsa da ziri na biyu. Da na saka ziri na biyu a lissafin, zanen ya sake tashi can gaba. Wannan rufin ne ya ba ƙungiyar Immanuel Bloch da Ulrich Schneider a Munich damar tara atom na fotashiyam-39 a saman ziri a 2013, inda ma'aunin kelbin ya koma mai alamar debewa. Ba sanyin da ya wuce sifili ba ne, ya ma fi kowane zafi na yau da kullum zafi.

Idan aka mayar da J zuwa kelbin, abin yana da ban tsoro. A raga mai matsakaicin zurfi, J bai wuce nanokelbin 2 ba (nanokelbin kashi ɗaya ne cikin biliyan na kelbin), ke nan dunƙulewar tana wajen nanokelbin 10. Babu ma'aunin da za a tsoma a ciki. Shi ya sa masu gwaji suka fi maganar entirofin kowane atom, wato ma'aunin yadda atom suka bazu a matakai, domin in an kunna raga a hankali shi ne ba ya canzawa, zafi kuwa yana canzawa.

Lissafina yana da iyakarsa. Atom na gaske suna ture juna idan sun haɗu a gurbi ɗaya, da ƙarfin da ake kira U. Markus Greiner da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa in raga ta yi zurfi, kowane atom yakan kafe a gurbinsa, dunƙulewar ta ɓace. Lissafin Monte Carlo na kwantum, wanda kwamfuta ke yi ta hanyar gwada lambobin bazata masu yawa, ya sa wannan iyaka inda U ya ninka J kusan sau 29, kuma ma'aunin dunƙulewa yana ta sauka har sifili yayin da ake matsawa gare ta. Saboda haka a rahotona na rubuta 5.6 J a matsayin amsar inda U bai taka kara ya karya ba, na bar sauran zanen ga hanyar Monte Carlo.