Godiya ga waɗanda suka taya ni neman kular Fijo

Assalamu alaikum warahmatullah. Yau kwana huɗu da gama tseren mota, sai yanzu jikina ya dawo har na iya zama in yi wa jama'a godiya. Alhamdulillahi, Fijo ta shiga fili da ƙafarta, ta kuma fito da ƙafarta, ba a jawo ta da igiya ba. Wanda ya gan ni ranar Litinin ta makon jiya ina zagaya Kurmin Mashi da tsohuwar kular sanyaya man inji a cikin buhu ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in ɗan yi bayani saboda ’yan uwa da ke ta tambayata wai me ya lalace haka. Motar 504 ce, haɗin Kakuri, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a nan Kaduna tun 1975, shekarar da 504 ta cinye tseren Safari a Kenya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya bar ta, ni kuma na mayar da ita ta tsere. Idan ka riƙe inji da wuta na tsawon lokaci, lagireto kaɗai ba ya isa. Shi ruwa yake sanyayawa, baƙin mai kuwa yana can yana ɗaukar zafinsa. Mai ya fi son zama tsakanin digiri 90 zuwa 110. Da ya haura 130 sai ya tsinke, ƙarfinsa ya faɗi, metal, wato shimfiɗar da ƙarfen inji ke juyawa a kanta, ya fara cin ƙarfe, daga nan sai ka ji inji ya buga. Shi ya sa na ɗaura mata oyil kula a bayan bamba, wato ɗan ƙaramin lagireton da mai ke ratsawa iska ta huce shi kafin ya koma inji.

Wannan kular ce dutse ya fasa mini ana saura kwana shida, muna gwaji a wata hanyar burji ta wajen Kujama. Laifina ne, ban sa mata raga ba, kuma na ɗaure ta ƙam a jikin ƙarfe babu roba. Allah ya taimake ni idona na kan gejin ƙarfin mai. Ina ganin allura ta faɗi na kashe mota.

Godiyata ta farko ga ogan garejinmu. Tun ina makarantar sakandare nake masa wankin sifana, har yau kuma in na yi wauta ba ya ɓoye mini. Da na ce a kai wa mai walda ya toshe, cewa ya yi: "Kai yaro, wannan ba tukunya ba ce. Alminiyam ɗin ya fi takarda kauri da kaɗan, ka toshe nan ya buɗe can." Na ƙi ji, na kai. Muka hura mata iska muka tsoma a baho, sai ga kumfa ta wuri uku. Bai ce mini komai ba, ya miƙo mini makullin babur ɗinsa kawai.

Daga nan yawo ya fara. Sabuwa irin tawa, mai layi 19, sai an yi oda daga waje, kuma ba za ta iso ba sai bayan an tashi daga tseren. Ɗan uwana da ke Kano ya karaɗe Ƙofar Ruwa, wani abokin karatuna ya duba Apo a Abuja, wani bawan Allah da ban taɓa gani ido da ido ba ya shiga Ladipo a Legas yana turo mini hotuna ta WhatsApp har bayan isha'i. Allah ya saka muku da alheri. Yawancin abin da ake samu kular giyabos ce. A ido kamar ita, amma hanyoyin cikinta ƙanana ne, za ta shaƙe man inji. A wani shago har an ƙulla mini wata a leda ana rantsuwa wai duk ɗaya ne. Ba zan faɗi wurin ba, mun rabu lafiya.

Wanda zan daɗe ban manta ba shi ne wani dattijo a Tsohuwar Panteka. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, don haka Baba, ka yi haƙuri da wannan ɗan abin da zan faɗa. Na tarar da kula a rumfarsa, fes da ita, girmanta daidai da tawa, har na zaro kuɗi. Ya karɓe ta daga hannuna ya ce: "Ɗana, ba zan sayar maka da wannan ba. Injin da aka ciro ta a kai bugawa ya yi." Ya zuba mata kananzir, ya girgiza, ya juye a kan farin ƙyalle ya ɗaga wa rana. Sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli kamar an barbaɗa. Ya ce ko sau goma aka wanke, akwai wanda zai maƙale a lungu, sai mai ya yi zafi ya sake shi ya tafi kai tsaye cikin metal. Jama'a, mutumin nan ciniki ne ya zo masa har rumfa, ni ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba sai inji ya tashi aiki a tsakiyar fili. Na tsaya ina kallonsa na rasa abin cewa.

Bai bar ni haka ba. Ya sa yaronsa ya rufe rumfa, ya ja ni har bayan kasuwa wurin wani amininsa da ke da gawar tsohuwar Marsandi mai shan gas, irin wadda ake kira fulat but. Ashe waɗannan suna zuwa da kular mai tun daga kamfani, doguwa siririya a gefen lagireto. Motar hatsari ne ya kwantar da ita ta baya, injinta lafiya lau aka sayar. Kwance ta ma aiki ne, don notin ƙarfe ne a kan tiredin alminiyam, shekara da shekaru sun kama juna, in ka yi gaggawa ka tafi da tiredin. Baba ya jiƙa shi da mai, ya ce mu je mu yi azahar. Muka dawo ya riƙe da sifana biyu yana lallaɓawa har ya saki.

Saura haɗi. Tiyo ɗina na AN10 ne, wato lambar girman bakinsa, awon inci, bakin kular Marsandi kuma awon milimita. Nan ne mai injin sassaƙar ƙarfe na layin su Baba ya nuna gwaninta: ya auna, ya fere mini mahaɗi guda biyu, da aka ɗauke wuta ya tayar da janareta da mansa. Mai haɗa tiyon tarakta da katafila a Kakuri shi ya tuna mini cewa kawunan da suke amfani da su ma kwanar digiri 37 gare su kamar na AN, ya matse mini sababbin tiyo biyu a daren Alhamis. Na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Uwargida, ke ma na gode. Kwana biyar ana shigo miki da warin baƙin mai, an ɓata miki baho, kuma kuɗin da muka ce na labule ne kin san inda suka tafi.

Ranar Asabar rana ta buɗe sosai, ƙura kuwa ba a magana. Fili ne killatacce, ba kan titi ba, don kada ƙannenmu masu wasa da mota ranar ɗaurin aure su ce da su nake. Na zo na huɗu. Gejin zafin mai bai wuce 108 ba tun daga tashi har ƙarshe, kuma da muka leƙa ƙasa babu ɗigo ko ɗaya. Wannan karon da raga a gabanta da roba a ƙafafunta, oga da kansa ya ɗaura.

Baba bai zo kallo ba, ya ce shi hayaniya ba ta yi masa. Jiya na kai masa goro da hoton motar, ya duba ya ce bambar a karkace take, in kawo ranar Laraba a gyara. Wanda kuma ya ara mini sifana mai lamba 27 a Kurmin Mashi, tana wurina, na rasa lambar wayarka ne. Ka leƙo gareji ko ka aiko yaro.