Godiya ga waɗanda suka ɗauke ni, da yarinyar da ta miƙo mini sifana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Beljiyam.

Jiya muka wanke babur na ƙarshe, muka rufe kakar tsere ta bana. Ina zaune a gareji ina goge hannu sai na lissafa, ashe shekara uku ke nan cif da faɗuwata. Akwai bashin godiya a kaina da na daɗe ina ɗaga biyansa. Yau dai zan rage, ko da ba zan iya biya duka ba.

Alhamdu lillahi a farko da ƙarshe. Shi ya ƙaddara, shi kuma ya bar ni da hannuwa biyu da hankalina.

Ga waɗanda ba su san ni ba: bakaniken babur ne ni tun ina yaro a Kano. Da aka hana acaɓa a farkon 2013 aiki ya yi ƙasa, garejinmu ya koma wurin hira da shan shayi, daga nan na fara neman hanyar fita. A nan Turai na tarar da wani irin babur da ban taɓa kwancewa ba, na motokuros, wato tseren da ake yi a cikin ƙasa da rairayi da tudun da aka tara don a yi tsalle. Yankin Limburg da nake zaune gidan wannan wasa ne. Filin Lommel da ke nan kusa, duk ɗan tsere a duniya ya san zurfin rairayinsa. Na fara da gyara, daga baya zuciya ta ce kai ma hau mana. Na hau.

Ranar da abin ya faru a wani ƙaramin fili ne, ba ma gasa ake yi ba. Na taso wa tudu, tayar gaba ta nutse, babur ya wurgo ni ta kansa sannan ya biyo ni. Ban suma ba. Ina kwance ina kallon takalmana, na ce wa ƙafa ta motsa, ta ƙi. Wani dattijo Bature da ke riƙe da tuta ya durƙusa ya dafe kwalkwalina da hannu biyu, ya hana kowa ɗaga ni har motar asibiti ta iso. Da a wani wurin ne, da mutum huɗu sun cicciɓe ni don tausayi, su ƙarasa abin da ya rage. Baba, ban san sunanka ba har yau, amma likita ya ce ka yi daidai. Na gode. Ku ma da kuke karantawa ku riƙe wannan: wanda ya faɗi ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a ja shi, kada a zaunar da shi, sai in wuta ce ko mota za ta hau kansa.

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, laka kuma ta ratsa ta tsakiyarsu kamar waya a cikin bututu. Nawa ya karye a gaɓa ta 10 ta bayan ƙirji, wadda likitoci ke kira T10. Daga cibiya zuwa ƙasa babu ji, babu motsi. Sun sa ƙarafa da kusoshi sun ɗaure ƙashin, ƙashi ya warke. Laka ce ba ta haɗuwa.

Mutane suna zaton rashin tafiya shi ne babban abin. Wallahi a wurina shi ne mai sauƙin. Abin da ba a faɗa a gaban jama'a shi ne fitsari da bayan gida. Duk bayan awa huɗu zuwa shida sai na sa roba na fitar da fitsari, dare da rana, har abada. Sai gyambon zama: fatar da ba ta ji ba ta gaya maka ta gaji, kana zaune tana mutuwa. Shi ya sa a asibiti ake juya mu cikin dare, shi ya sa har yau kowace safiya nake duba bayana da madubi. Sai kuma wani zafi kamar an zuba barkono a ƙafar da in ka soka mata allura ba zan sani ba. Na rubuta wannan ne da gangan, don na san akwai masu irin lalurata a gida da kunya ta hana su tambaya.

Ma'aikatan jinya da masu gashi na cibiyar da na yi wata biyar, na gode. Musamman wadda ta koya mini tashi daga gado zuwa keke da ɗan katakon nan mai santsi. Sau nawa na zame na zauna a ƙasa ina huci, ita kuwa ta harɗe hannu ta ce sake. A lokacin na tsane ta. Yanzu in na shiga mota ni kaɗai, na naɗe keke na jefa kujerar gefe, ita nake tunawa.

Hajiya, mahaifiyata. Wata biyu muna ɓoye miki, muna cewa karaya ce. Ranar da na faɗa miki gaskiya a waya kin yi shiru har na zaci layi ya yanke, sai kika ce, "Kana salla?" Na ce ina yi a kwance. Kika ce to ba abin da ya lalace. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Hajiya.

Malam limamin masallacinmu, wanda ya zo asibiti ya zauna ya warware mini hukuncin alwala ga mai roba a jiki, da lokacin da taimama ta halatta, ya tuna mini cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kan gefensa. Kafin zuwansa ina cikin waswasi ko sallata tana karɓuwa. Allah ya saka da alheri, Malam. Matasan masallaci kuma da suka fasa ƙofar banɗakin gidana suka faɗaɗa ta, suka zuba gangara a bakin ƙofa a cikin sanyin Disamba, ba su karɓi ko kuɗin siminti ba.

Maman yara, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Kin ga abin da ko mahaifiyata ba ta gani ba. Akwai watannin da na zama mutumin da ni kaina ba zan zauna da shi ba, faɗa a kan gishiri, faɗa a kan taga. Kin shanye. Ranar da kika gaji kika ce mini, "Ƙafa ka rasa, ba tarbiyya ba," ranar na fara warkewa. Ki yafe mini.

Zan faɗi wata magana, kada kowa ya ji haushi. Masu cewa "in sha Allahu za ka taka" na san da alheri kuke nufi, kuma Allah mai iko ne a kan komai. Amma shekara guda na ɓata ina jiran ƙafa, ban koyi zama ba. Har wani ya karɓi kuɗi masu yawa a hannun Yaya a gida, wai yana da maganin shafawa da ke haɗa laka. Ya Yaya, ban ga laifinka ba, ƙauna ce ta sa. Kuɗin dai da matashin kujera mai kyau aka saya da su, da gyambon da ya kwantar da ni sati bakwai bai same ni ba. Ofishin inshorar da ya riƙe takarduna wata tara kuwa, na bar su da Allah.

Yanzu ga wadda ta sa na yi wannan rubutu.

Wata Asabar ina zaune a ƙofar gida, sai ga maƙwabcina da 'yarsa mai shekara 15 sun turo babur mai injin cc 125, mai hayaƙi. Ya ƙi tashi, gobe tana da tsere, bakanikensu ya yi tafiya. Na ce ai ni na daina. Yarinyar ba ta ce komai ba, ta buɗe akwatin kayan aiki, ta ɗauko sifana ta ɗora mini a cinya. Na kwance fulogi, na ga ya jiƙe baƙi ƙirin. Na ce a ciro mini kafireta. Rairayi ne ya bi ta matatar iska ya toshe jet. Minti arba'in babur ya yi kuka. Ƙamshin hayaƙin nan ya bugi hancina, na juya keke na shiga ɗaki don kada su ga idona.

Tun daga ranar ni ne bakanikenta. Ubanta ya yanke ƙafafun teburin aiki ya daidaita shi da tsayin kekena, ya sayo abin ɗaga babur na taka-da-ƙafa ya mayar da shi na hannu. Bana 'yan mata uku nake yi wa aiki. Wanke matatar iska bayan kowane zagaye, ɗaure ceni, sauya fistin da zobe, sassauta shokazoba saboda yawancin baburan nan an auna su ne da nauyin namiji, in ba a gyara ba sai su yi ta wujijjiga yarinya mai kilo 55.

Da na shiga harkar ne na ga yadda matan ke fama. Gasar duniya ta mata, WMX, ta samu cikakken matsayi ne a 2008, kuma Bafaranshiya Livia Lancelot ce ta fara cinye ta. Kiara Fontanesi ta Italiya ta ɗauka sau 6, ta haihu, ta dawo fili. Courtney Duncan ta taso tun daga Niyu Zilan ta ɗauka sau 4. Lotte van Drunen ta Holan, maƙwabtanmu, ta zama zakarar duniya a 2024 tana da shekara 17. A Amurka an yi Ashley Fiolek, kurma ce, ba ta jin kukan inji, da girgizar babur take sanin lokacin sauya giya, kuma ta ci gasar ƙasarsu sau 4. Duk da haka maza suna yin zagaye kusan 20 a shekara, na mata kuwa zagaye biyar ne, shida ko bakwai. Kamfanoni ba sa rububinsu. A ƙananan gasa irin tamu uba ne direba, uwa ce mai abinci, kuɗin taya daga albashi yake fita.

Wasu 'yan uwa sun tambaye ni, kai da babur ya karya, ya za ka taya 'yar mutane hawa? Tambaya ce mai kyau, na kuma yi ta juya ta da dare. Amsata ita ce za su hau ko ina nan ko ba na nan. Gara a samu wanda zai duba birki sau biyu, wanda ba zai bar yarinya ta fita ba sai da sulken baya da na ƙirji. Suna kallon kekena, ba sa yi mini gardama. Kuma ba ni ne farau ba. Bajamushe Pit Beirer ya karya baya a gasar duniya a Bulgeriya a 2003, daga kan keke ya zama shugaban sashen tsere na kamfanin babura na KTM. A shekarar ce kuma ɗan Heinz Kinigadner, tsohon zakaran motokuros na Ostiriya, ya samu irin raunin, abin da ya sa uban da mai kamfanin Red Bull suka kafa gidauniyar Wings for Life a 2004 don binciken maganin laka. Gudun da suke shiryawa duk watan Mayu, bana na shiga da kekena, 'yan matan nan uku suna gefena, ɗaya tana ta yi mini tsiya wai tayata ta hagu ba iska.

Na gode wa iyayensu da suka yarda da baƙo, baƙar fata, a kan keke, ya taɓa abin da ran 'ya'yansu ke kai. Na gode wa 'yan ƙungiyarmu ta Hausawa da suka yi karo-karo aka sayi taya takwas da jarkar baƙin mai, alhali rabinsu ba su taɓa zuwa filin ba. Alhajin da ya ba mu aron motar ɗaukar kaya duk ƙarshen mako, Allah ya ƙara buɗi. Na san mun dawo da ita da taɓo har rufi.

Wanda na manta ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Mai irin rauni na da ke son tambaya a kan roba, ko gyambo, ko zaman aure bayan wannan lalura, ya turo mini saƙo ta akwati, zan amsa ba kunya.

Za mu koma atisaye a watan Fabrairu in Allah ya kai mu. Akwai inji mai cc 250 guda a kan tebur da ke jiran a buɗe shi, kuma har yanzu muna neman wanda zai taya mu da kuɗin tirela.

Wassalam.