Shirin waya da barci, da abin da ya biyo baya

Makon nan na ajiye aiki a gidan rediyon, kuma cikin shirye-shiryen lafiya da na gabatar, ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

An ba ni labarin da ke yawo cewa karatu a allo yana hana barci. Na nemo asalin binciken: na asibitin Brigham and Women's ne da ke Boston a Amurka, ya fito a mujallar kimiyya ta PNAS a ƙarshen 2014. Mutum 12 kacal aka gwada. An ba su iPad an ƙure haskensa, suka yi ta karatu awa 4 kafin kwanciya, dare 5 a jere, aka kwatanta da karatun littafin takarda. Gaskiya ne sinadarin melatonin, mai sanar da jiki dare ya yi, ya ragu sosai, amma jinkirin barcin kusan minti 10 ne. A 2016 kuma Jami'ar Uppsala ta Suwidin ta gwada mutum 14 da suka wuni cikin haske mai ƙarfi, sai karatun awa 2 a allo bai shafi barcinsu ba. Mu da muke wuni cikin ranar Sakkwato, ai wannan abin faɗa ne.

Edita ya soke wannan bayanin duka daga rubutuna. Ya ce mai sauraro ba ya son lissafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko waya ba a gwada ba." Ya ce lokaci ya ƙure. Haka na shiga na karanta cewa masana sun tabbatar waya na hana barci, da muryata, da sunana.

Wata uwa ta bugo tana godiya, ta ce daga yau ta karɓe wayar ɗiyarta da dare. Yarinyar ɗaliba ce, a wayar take karanta darussanta idan an ɗauke wuta. Zafin Afrilu da sauro da ke hana ta barci kuwa, ba mu ambace su ba. Da wani likita ya bugo ya yi mana gyara, washegari a taron safe aka ce ni ce ban yi bincike ba. Editan, mai jan biron, yana zaune, bai ce uffan ba.

Ku da kuka rage a gidan rediyon, duk binciken da aka miƙo muku, ku tambaya mutum nawa aka gwada, kuma a wane hali. Ku kuma ajiye kwafin rubutunku kafin ya hau teburin edita. Nawa yana nan, da kwanan watansa.